Kwale-kwale Ba Kowa a Ciki

Birthe Skov ce ta tsinci gawar, ranar Alhamis da hantsi. Ta shigo karɓar tsaninta da maƙwabciyarta Edel Munk, mai gidan, ta ara, ta tarar da ƙofar baya a buɗe, iska tana ta buga ta da bango. Ta yi kira ba amsa. Da ta leƙa matakalar da ke sauka ɗakin ajiya na ƙarƙashin gida, sai ta hango ƙafafu biyu cikin silifas.

Kafin tsakar rana 'yan sandan Lemvig, wani ƙaramin garin bakin ruwa a Denmark, sun kewaye gidan da zare. Gunvor Thybo ce aka ba binciken, tare da Kaj Overgaard, wanda aka haifa a garin kuma saura masa kaɗan ya yi ritaya. Gunvor ba mai iya zama ba ce. Tun da ta bar shan taba bakinta ba ya rabuwa da wata baƙar alewa mai gishiri, ƙafafunta kuma ba sa tsayawa wuri ɗaya. Ta sauka matakalar ta hawo, ta sake sauka, har likita ya ce ta matsa masa daga haske.

Likitan ya ce matar ta mutu tun jiya Laraba, bayan tsakar rana. Ta baya ta faɗo, ƙeyarta ta bugi siminti. Ya ɗaga wuyan rigarta ya nuna wa Gunvor tabo biyu a saman ƙirji, ɗaya dama ɗaya hagu, ya ce wanda santsi ya kwashe ba ya samun irin wannan. Kusa da hannunta akwai kwalbar jam, wato dafaffen 'ya'yan itace da sukari, a fashe. Wato ta ɗauko ne tana hawowa, wani ya tare ta daga sama.

A kicin Gunvor ta ga kujeru biyu an ja su baya. Kofi ɗaya yana kan tebur da sauran gahawa a ciki, ɗayan an wanke shi an kife a gefen famfo. Akwai rabin kek mai kirfa a faranti, irin na gidan burodin kan kwana. Jakar Edel da wayarta da zobenta duk suna nan, ba a taɓa ba.

Kaj ya ce ɓarawo ba ya tsayawa cin kek, balle wanke kofi. Idon Gunvor kuwa ya kai kan wasu takardu huɗu da aka danne da tukunyar fure a bakin taga. Gajeren labari ne, an buga shi da na'ura, sunan Edel a sama. A tsaye ta karanta shi.

Labarin wata yarinya ne da aka kai hutu gidan gwaggonta a bisa tudu. Wata safiya ta farka kafin kowa, ta leƙa taga, ta ga wani mutum yana tuƙa kwale-kwale, ya ɗaure wani kwale-kwalen da igiya yana ja a bayansa, ba kowa a cikinsa. Iska tana tura shi baya, yana tuƙi, na bayan yana fisgar igiya. Yarinyar ta yi ta kallo tana jira ya gaji. A layin ƙarshe gwaggo ta kira ta karin kumallo, mutumin kuwa yana nan yana tuƙi, igiyar a miƙe.

Birthe tana zaune a mota da bargo a kafaɗa. Ta ce Edel baƙuwa ce, daga Odense ta dawo shekara uku da suka wuce, bayan rasuwar mijinta. Ba ta da abokin faɗa, abokan hira ma ba su da yawa. In ka cire ita Birthe, ba wanda Edel za ta dafa wa gahawa sai 'yan ajin koyon rubutu da take zuwa duk yammacin Talata a ɗakin karatu na gari. Shekaranjiya ta dawo tana dariya, ta ce labarinta ya haɗa faɗa a aji, har wata ta fice ta buga ƙofa. Birthe ta ƙara da cewa jiya da misalin sha biyu Edel ta zo aron tsanin, lafiyarta ƙalau.

Mura ta kwantar da rabin ajin a makon, don haka mutum huɗu ne kawai suka zauna ranar Talatar: Edel, da malamin, da Tove Nørby mai shagon ulu, da Viggo Hald mai gyaran jiragen ruwa.

Da malamin suka fara. Asger Bjerre tsohon malamin sakandare ne, doguwar fuska gare shi, littattafai kuma sun cinye gidansa har kan matakala. Ya kwashe wasu daga kujera, amma Gunvor ba ta zauna ba.

"Yaushe rabonka da ita?"

"Jiya da safe. Na kai mata gyaran da na yi wa labarin."

"Ka sha gahawa?"

"Likita ya hana ni. Ko rigar sanyina ban cire ba."

"Daga nan fa?"

"Ina kan kujerar likitan haƙori har la'asar, baki a wangame. Ku tambaye shi."

Ta tambaye shi abin da ya haɗa faɗan. Nan mutumin ya ɗan farfaɗo. Ya ce a gajeren labari ba a sa abu don ado, duk abin da aka nanata yana ɗauke da wani abu a bayansa. Shi a karatunsa kwale-kwalen da ba kowa addini ne, mutumin kuma ƙasar Denmark ce, tana jan cocin da ya daɗe da zama wayam saboda ta kasa sakin igiya. Ya ce ya faɗa wa Edel haka, ta yi murmushi kawai ta ce ba ta hana kowa nasa ba.

Kaj ya ce shi da ya ɗauka kwale-kwale kwale-kwale ne. Asger ya dube shi ta saman tabarau ya ce ai ya tuna shi a aji, tun a lokacin haka yake.

Gyaran da ya kai mata shi ne ta ƙara wa labarin ƙashi. Edel ta gaya musu abin ya faru da gaske, tana yarinya ta gani da idonta a nan garin. Shi ya sa ya ce ta sa shekarar, ta sa launin jirgin, in ta tuna sunansa ma ta sa, domin alama ba ta kama zuciya sai ta tsaya da ƙafarta a ƙasa. Ta yarda, ta ce za ta gyara ta aika wa jaridar gari a buga a fitowar Kirsimeti.

"Viggo fa, me ya ce?"

"Viggo bai taɓa fassara komai ba a rayuwarsa. Yana zuwa ne ya rubuta tarihin masuntan da. Muna ta fama da ma'ana, shi sai tambayarta ya yi wai daga wace taga yarinyar take kallo. Tambayar mai awon fili."

Likitan haƙori ya tabbatar da maganar Asger, Birthe kuma ta ga Edel da rai bayan tafiyarsa. Suka cire shi.

Tove Nørby tana bayan kanta tana jera ƙullin ulu lokacin da suka shiga. Gajera ce mai kauri, idanunta sun yi ja. Ba ta jira tambaya ba, ta ce ta san dalilin zuwansu, kuma e, ita ce ta buga ƙofar.

"Me ya ɓata miki rai?"

"Da ni take. Duk garin nan an san ɗana Rasmus yana gidana, shekararsa arba'in, ba aiki, ba ya ko buɗe labule. Ni nake tuƙi, shi ne wayam ɗin. Na taɓa yi mata kukan abin a kan gahawa, sai ga shi a takarda ana karantawa gaban mutane."

"Ta ce da ke take?"

"Ta rantse ba da ni ba ne. Amma ki duba ƙarshen. Mutumin bai saki igiyar ba. Wa zai ƙi saki in ba uwa ba?"

Hawaye suka zubo mata. Ta ce tun daren Talata take saƙa kalmomin da za ta ba Edel haƙuri da su, ga shi ba ta samu ba. Jiya kuwa tun safe tana asibitin Holstebro da Rasmus, sai da duhu ya yi suka dawo. Kaj ya fita ya buga waya, ya dawo ya gyaɗa kai.

Wajen aikin Viggo Hald yana can ƙarshen tashar jirage, wata doguwar rumfa mai warin kwalta da fenti, da gangaren siminti da ake jawo jirage a kai. Gidansa yana manne da rumfar. Viggo dattijo ne da ya haura saba'in, faffaɗan ƙirji gare shi, garin yana ganin girmansa. Shi yake gyara wa yara kwale-kwalensu kyauta, shi yake ɗaukar gawa in masunci ya rasu. Ya gaisa da Kaj ya tambayi ƙafarsa mai ciwo. Matarsa Inger ta leƙo da tire, ta ajiye musu gahawa a kan benci, ta ce Allah sarki Edel, mace mai fara'a, ta koma ciki.

Viggo ya ce jiya yana nan yini guda yana kankare gindin wani jirgi, Inger kuma ta tafi wajen ƙanwarta. Bai taɓa shiga gidan Edel ba.

"Kai me ka fahimta da labarin?"

Ya yi dariya kaɗan, yana goge hannu da tsumma.

"Ni ban yi dogon karatu ba, Gunvor. Mutum ya ja kwale-kwale ya kai bakin mashigi inda ruwa ya buɗe, ya kwance igiya, ya juyo gida. Ina abin fassara? Ƙila ruɓewa ya yi yana so ya rabu da shi. Asger ne ke ganin coci a ko'ina."

"Ka tambaye ta wace taga."

"Don daga tudu ba ko'ina ake ganin ruwa ba. Na so in ji ko ta san abin da take faɗa."

Suka fito ba su riƙe komai ba. Mutum uku, biyu suna da shaida, na ukun ba shi da dalili. Kaj ya ce ƙila su daina bin labarin nan, su nemi wani daga Odense. Gunvor ta ce ya tafi ofis, ita za ta taka.

Ta bi bakin ruwa har ƙarshen katanga ta dawo, ta sake komawa. Iska tana kaɗa igiyoyin jirage suna ƙara a jikin ƙarfe, ruwan ya yi toka-toka. Wani abu yana sukar ta tun daga rumfar Viggo, kamar tsakuwa a takalmi, ta rasa ko mene ne. Ta ƙarar da alewar aljihunta. Ta tsaya gaban shagon da take sayen taba a da, ta daɗe tana kallon ƙofar, sannan ta ciro waya ta kira Signe, 'yar Edel, wadda take kan hanya daga Odense.

Signe ta tsayar da mota a gefen titi. Ta ce mahaifiyarta ba ta da maƙiyi, ba ta da wani a ɓoye. Da Gunvor ta ambaci labarin sai ta ce ta karanta, mama ta aiko mata tun watan jiya. Ta ce a kan babanta ne, mijin Edel. Shekara tara ya yi da ciwon mantuwa, har ya daina gane matarsa, mama kuwa ta ƙi kai shi gidan tsofaffi, ita take masa wanka, ita take ba shi abinci a baki. Kowa ya ce ta huta, ta ƙi. Hoton mai kwale-kwalen kuma tun mama tana 'yar shekara goma sha biyu yake kanta, daga hutun da ta yi a Lemvig sau ɗaya tak. A ranar da ta ga mutumin, da rana aka sa ta a jirgin ƙasa ta koma gida, ba ta sake zuwa garin ba sai da ta tsufa.

Gunvor ta shiga mota, ta buɗe takardun a kan sitiyari. Ta je layin ƙarshe kai tsaye. Ta koma farko ta bi da yatsa, layi bayan layi. Sannan ta tayar da mota.

Ta tarar da Kaj yana cin burodi da kifi a gaban kwamfuta. Ta tambaye shi ko an taɓa tsintar kwale-kwale ba kowa a ruwan nan, kamar shekara hamsin baya, da rani. Kaj ya daina tauna. Ya ce duk ɗan Lemvig da ya kai shekarunsa ya sani. Ejnar Hald ne, yayan Viggo. Ya fita kamun kifi da asuba, aka tsinci jirginsa yana yawo a bakin mashigi, shi kuwa ko hularsa ba a gani ba. Aka ce ruwa ya ci shi. Kaj yana ƙaramin yaro a lokacin, ya tuna yadda maza suka yi mako suna jan ƙugiya a ƙasan ruwa, Viggo a gaba. Rumfar gyaran ta Ejnar ce, shi uban ya bar wa. Inger kuma shi za ta aura a kakar nan. Sai bayan shekara uku ta auri ƙanen.

Kaj ya ajiye burodin. Ya ce Viggo ne ya koya masa ɗaurin igiya.

Washegari da safe suka bi abin da ya rage. Matar gidan burodi ta tuna Viggo ya sayi kek mai kirfa ranar Laraba da rana, har ta tsokane shi ta ce Inger ba ta nan shi ne zai yi shagali. Masu ɗaukar zanen yatsu sun ce an goge kofi da tebur da hannun ƙofa, amma a ƙarƙashin kujerar baƙo, inda mutum kan kama ya jawo ta, akwai yatsu huɗu na babban hannu. A tsohon rahoton ɓatan Ejnar, Gunvor ta sami sunan jirgin da aka tsinta. Ta rufe fayil ɗin ta ɗauki rigarta.

Viggo yana durƙushe ƙarƙashin wani jirgi da makankari a hannu. Gunvor ta gaya masa ana zarginsa, kuma ba dole ba ne ya ce komai sai da lauya. Ya miƙe a hankali, ya ce bai ga abin da zai ɓoye ba. Kaj ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon ƙasa.

Ta miƙa masa takardun huɗu.

"Jiya ka ba ni labarin nan a taƙaice. Nuna mini inda mutumin ya kwance igiyar."

Ya ciro tabarau daga aljihun ƙirji. Ya karanta shafi na huɗu. Ya koma na uku. Ya dawo farko ya bi har ƙarshe, leɓunansa suna motsi. Gunvor tana kai da komo tsakanin benci da ƙofa, ba ta katse shi ba.

"Babu," in ji ta. "Ba bakin mashigi a ciki, ba komowa gida. An kira yarinyar cin abinci kafin ta ga ƙarshen. Asger ya ce ƙasa ce ta kasa saki. Tove ta ce uwa ce ta ƙi saki. Sun yi faɗa a kan ma'ana, amma dukansu sun san bai saki ba, saboda a takarda suka san labarin. Kai kaɗai ka san abin da ya faru bayan yarinyar ta bar taga."

Ta ci gaba a tsanake. Kowa a ajin ya tambayi abin da kwale-kwalen yake nufi, shi kaɗai ya tambayi inda mai kallo take, don ya auna ko ta ga fuska. Ya ce yana rumfa yini guda, alhali an sayar masa da kek da rana. Ya ce bai taɓa shiga gidan ba, to za a gwada yatsunsa da na ƙarƙashin kujera. Kuma jirgin da aka tsinta shekara hamsin baya, a daidai bakin mashigin da ya ambata, na yayansa ne.

Viggo ya cire tabarau ya naɗe. Ya nemi wani akwati ya zauna, ya ɗora takardun a gwiwa yana shafa su kamar zai miƙar da su.

Ya ce ba da niyyar taɓa ta ya je ba. Ya je ne ya ji me take so. Tun daren Talata bai runtsa ba, yana ganin ta karanta labarin ne a gabansa don ya san ta sani. Ta yi murnar zuwansa, ta dafa gahawa, ta ce ba ta zaci cikinsu duka shi ne labarin zai taɓa ba. Ta ce Asger ya sa ta tono abin da ta manta, kuma bayan tafiyarsa sunan jirgin ya faɗo mata, da farin fenti a gefensa. Inger. Ta yi dariya ta ce ashe sunan matarsa ne, ranar Lahadi in sun haɗu a coci za ta tambaye ta ko ta san mai shi. Sannan ta ce ya jira ta ɗauko jam ya kai wa Inger ɗin.

"Na tsaya a saman matakalar ina jin tana motsa kwalabe. Na ce in ta hawo zan roƙe ta. Da ta hawo tana murmushi, sai hannuna ya riga bakina."

Na Ejnar kuwa, ya ce faɗa ne a nan cikin rumfar, a kan Inger, da guduma a kusa. Yana ɗan shekara ashirin da biyu. A makon ake zuba simintin gangaren da ake jawo jirage, ramin yana buɗe. Kafin gari ya waye ya binne gawar a ciki, ya ja jirgin yayan ya kai bakin mashigi.

Ya ɗaga kai ya dubi Gunvor.

"Amma ta sani, ko? Me zai sa mutum ya rubuta wannan in bai sani ba?"

"Ba ta taɓa jin sunan Ejnar ba. Mijinta take nufi. Ciwon mantuwa ya cinye shi, ta yi shekara tara tana jinyarsa. Mutumin da ke tuƙin ita ce. A wajenta mutumin kirki ne."

Kaj ya matso, ya kama Viggo a damtse ba da ƙarfi ba, ya ce su tafi. Dattijon ya miƙe, takardun suka zube ƙasa, bai waiwaye su ba.

Gunvor ta sunkuya tana tsince su, sai ta ga ƙofar da ke shiga gida a buɗe. Inger tana tsaye da tire a hannu, kofuna uku a kai, gahawar ta daina tururi. Ba ta dubi mijinta ba lokacin da aka wuce da shi. Ta ajiye tiren a kan benci da kyau, ta goge hannu a jikin rigarta, ta ɗauko rigar sanyi daga ƙusa ta saka maɓallan har wuya.

Ta fita zuwa gangaren simintin, Gunvor ta bi ta. Iska tana turo ruwa yana lasar gindinsa. Inger ta tsaya daga gefe, a kan tsakuwa, ba ta taka shi ba. Ta tambaya ko yau za a fasa simintin. Gunvor ta ce sai an kawo injin, ƙila gobe, ta ce ta shiga ciki ko a kira mata ƙanwarta. Inger ta girgiza kai.

"Shekara biyu ina bin gaɓar nan duk safiya, ko ruwa zai dawo mini da shi," in ji ta. "Viggo ne yake raka ni. Daga nan muke tashi."

Gunvor ta matso. Ta tsaya kusa da ita, ta ɓangaren da iska take bugowa.